Kajin pondez da ƙwai mai fashewa: yadda nike lissafin kalsiyom da fosfor nan Tawa

Salamu alaikum ƴan uwa masu kiwon pondez, wato kajin ƙwai. Bazara ta ƙarato kuma na san kukan da za a fara, ƙwai na fashewa, ka ɗauko kaziye, kwalin jera ƙwai, daga gida kafin ka kai kasuwa uku ko huɗu sun tsage, wani ma tun cikin akurki za ka ishe shi kamar leda, babu ɓawo ko kaɗan. Ni ma shekara ta biyu da fara kiwo haka ta faru da ni, kaji 200 gare ni lokacin, cikin watan Afrilu kullum sai na ware ƙwai goma sha wani abu da ba su saiduwa, har wasu kaji biyu sunka kwanta ba su iya tashi. Na sayi magani iri iri na zuba ma ruwa, babu canji. Sai da wani likitan dabbobi ya zauna da ni, ya ɗauki biro da takarda munka lissafa abin da kaza guda ke ci a wuni, sannan na gane inda gizo ke saƙa. Wallahi tun daga ranar ban sake kallon buhun aliman, wato haɗaɗɗen abincin kaji, yadda nike kallonshi da ba.

Ɓawon ƙwai kusan dukanshi dutse ne, kashi 94 zuwa 95 cikin 100 sinadari guda ne da farin dutsen da ake haƙowa wajen Malbaza ana yin siminti da shi. Nauyin ɓawon garam 5 zuwa 6, kuma cikinshi akwai kalsiyom, sinadarin da ke ba ɓawo da ƙashi tauri, tsantsa wajen garam 2. To kaza ba ta iya tsotse duk abin da ta ci, wajen rabi ke shiga jini sauran ya bi kashi, shi ya sa kazar da ke ƙwai kullum sai ta samu garam 4 na kalsiyom a wuni, tsohuwa ma har 4 da rabi. Ku yi lissafi da kanku, kaza mai kyau da ta yi ƙwai 300 a shekara ta fidda garam 600 na kalsiyom daga jikinta, ita da duka nauyinta bai cika kilo 2 ba, kuma abin da ke cikin ƙasusuwanta gaba ɗaya bai wuce garam ashirin da wani abu ba. Kenan in ba ta samu cikin abinci ba ƙashinta za ta ci, kuma ba ya kai ta ko ina.

Hatsi da dawa da masara, waɗanda su ne fiye da rabin abincin, kusan babu kalsiyom cikinsu sam, ko kashi ɗaya cikin dubu ba su kai ba. Dusa ma haka, ƙuli-ƙuli ɗan kaɗan. Dan haka mai cewa ai ni ina ba su masara mai kyau har su ƙoshi, ƙoshin bai taɓa ɓawo ba ko kaɗan.

Lissafin da likitan nan ya koya mani shi ne a daina tambayar kashi nawa ke rubuce ga buhu, a tambayi garam nawa ya shiga cikin kazar. Misali buhu an rubuta kalsiyom 3,5 cikin 100. Lokacin ɗari kaza na cin garam 115 ko 120 a wuni, 115 ɗin ya ba ta garam 4, lafiya lau. Amma watan huɗu da na biyar da zafi ke wuce digiri 40 nan garin, kazar nan ɗaya ba ta iya cin fiye da garam 90 ko 95, sai kalsiyom ɗin ya faɗo garam 3 da ɗan kai. Buhun bai canza ba, mai saida aliman bai cuce ka ba, cikin kazar ne ya rage. Saboda haka abu na farko ka samu balas, wato abin awon nauyi, ka auna abin da ka zuba da safe, ka auna abin da ya rage washegari, ka raba da yawan kajin. Ka yi haka kwana uku jere. Kar ka auna da tiya, tiyar dusa da tiyar masara ba nauyinsu guda ba, kuma hannun yaron da ke zubawa yau daban gobe daban.

In kai ke haɗa abincinka da kanka, ga yadda nike yi cikin kilo 100. Ina sa kilo 9 na kokiyaj, wato ɓawon katantanwar ruwa da masu saida kayan kaji ke kawowa, ko farin dutse in shi ya samu. Su biyun kusan ƙarfinsu guda, kalsiyom kashi 36 zuwa 38, kilo 9 ya ba ka wajen kilo 3,4. Sai kilo 2 na garin ƙashi, shi kuma ya ƙara rabin kilo ko fiye, ga shi ya kawo fosfor, wani sinadarin da ƙashi ke buƙata. In akwai garin kifi cikin haɗin shi ma shina ƙara ɗan abu. Duka sai ka tashi kusa da kashi 4 cikin 100. Na san kilo 9 na ba mutane tsoro, sai ka ji ana cewa ya za a yi in cika ma kaji ciki da dutse, sai mutum ya sa kilo 4 ko 5 ya ce ya isa. Bai isa ba. Kaza mai ƙwai kusan kashi ɗaya cikin goma na abincinta dutse ne, haka halittar aikin take.

Nan zan daɗe kaɗan dan nan ne mafi yawanmu ke kuskure, wato girman ƙwayar da lokacin da ake badawa. Ƙwai guda na ɗaukar awa 24 zuwa 26 cikin kaza, kuma cikin wannan lokacin kusan awa 20 shina zaune wuri guda ana lulluɓe shi da ɓawo. Tunda mafi yawan kaji da safe suke ƙwai, aikin ɓawon na gobe na farawa daga wajen la'asar ya yi ƙarfi cikin dare, lokacin da kazar ke bisa sanda tana barci ba ta cin komi. In kalsiyom ɗin da ka ba ta gari ne lukui kamar fulawa, cikin ƴan awoyi ya narke ya wuce, tsakar dare hanjin babu komi, sai jiki ya koma ga ƙashi ya ciro. Amma in ƙwayar na da girma, milimita 2 zuwa 4, kamar ƙwayar dawa ko ƙasa da haka kaɗan, sai ta tsaya cikin ƙundu tana narkewa sannu sannu har asuba. Shi ya sa in za ka kai kokiyaj wajen mai inji kar ka bari ya maida shi gari duka. Ni turmi nike sa a daka, a tankaɗe da rariya, garin ya shiga cikin haɗi, tsakin kuma a ajiye daban. Aƙalla rabi ya zamo tsaki, ga kajin da sunka manyanta kashi biyu cikin uku.

Kuma tsakin da la'asar nike watsa shi bisa abincin. Kaza ta san abin da take so, in ka lura da marece za ka ga tana tsintar fararen ƙwayoyin tana barin masara, da safe kuma ba ta kula su sosai ba. Ga wanda ke sayen aliman na buhu, ba sai ka canza komi ba, lokacin zafi ka ƙara garam 2 zuwa 3 na tsakin kokiyaj ga kowace kaza bayan la'asar, kaji 100 garam 200 zuwa 300 kenan. Ko ka sa shi cikin wata tasa daban gefe guda su ɗiba da kansu. Cikin mako guda za ka ji bambanci ga hannu in kana tsintar ƙwai. Abincin ma gaba ɗaya ni kashi ɗaya cikin uku nike zubawa da sanyin safiya, sauran sai rana ta yi sanyi, tsakar rana ko ka zuba ba ci za su yi ba, kuma cin ma ƙara masu zafin jiki yake.

Maganar farin dutse, tunda mu nan jihar Tawa Allah ya hore mana shi, akwai hattara. Ba kowane farin abu ba ne. Akwai jifs da ake tonowa ana kai ma masu siminti, wannan daban ne. Akwai farar ƙasa ta shafen bango wadda anka ƙona, ka zuba mata ruwa ta yi zafi, wannan ƙona baki da maƙogwaron kaza take, kar ta kusanci abinci. Siminti ma na ji wani ya taɓa cewa a barbaɗa, dan Allah a'a. Kanwa ita kuma ba kalsiyom ba ce. Gwajin da nike yi mai sauƙi ne, in fasa dutsen in ɗiga mashi binegar ko ruwan lemun tsami, na kirki nan take za ya yi kumfa shina tsuwa, wanda ya yi shiru ko ya yi kumfa da ƙyar ka bar shi, mai yiwuwa jifs ne ko irin dutsen nan mai yawan manyeziyom da ke sa kaji zawo ya ɓata ɓawon. In kuma yashi da laka sun yi yawa ciki to kilo 9 ɗinka ba 9 ba ne, a wanke a shanya tukuna. Kokiyaj ma in ya zo da wari ko ɗanyen nama jikinshi a wanke shi a baza ga rana sosai.

Ɓawon ƙwai na masu shayi da burodi shi ma kalsiyom ne mai kyau, in kajinka kaɗan ne ka yi magana da mai shayin unguwa ya tara maka. Amma sai an tafasa shi ko an gasa bisa wuta dan kashe cuta, kuma a murje shi har ya daina kama da ƙwai, in ba haka ba kai da kanka ka koya masu shan ƙwai, kuma kazar da ta koya da wuya ta bari.

Fosfor kuma labarinshi daban, kaɗan ake so amma ba a yi sai da shi. Kaza mai ƙwai na buƙatar wajen garam 0,4 a wuni na wanda jiki ke iya ɗauka, wato kashi 0,35 zuwa 0,45 cikin 100 na abinci. Ka ga kalsiyom ya ninka shi sau goma. Ɓawon kanshi kusan babu fosfor ciki, amfaninshi ga ƙashi ne da gwaiduwa da ƙarfin jiki. Duk dare kaza na ɗan rance daga ƙashinta, kuma in ta ciro kalsiyom daga ƙashi fosfor na biyo shi ya fita ta fitsari, da rana sai ta biya bashin, to biyan ba ya yiwuwa sai da su biyun. In fosfor ya gaza ƙashi na ta ramewa har ranar da kazar za ta kwanta ƙafa ta ƙi ɗaukarta, sau da yawa ma wadda ta fi kowa ƙwai ita ke fara faɗuwa. Abin da ya samu kajina biyun nan kenan.

Inda ake ruɗewa, hatsi da dusa suna da fosfor, dusar alkama ma ta wuce kashi 1 cikin 100, sai mutum ya ce to ai ya wadata. Amma wajen kashi biyu cikin uku na fosfor ɗin tsiro a ɗaure yake cikin wani abu da ake kira fitat, cikin kaza ba ya iya kwance shi, haka nan yake fita cikin kashi, har ma shina riƙe wani ɓangare na kalsiyom ya tahi da shi. Akwai wani sinadari, fitaz, da kamfanoni ke sawa cikin wasu piremis, wato garin bitamin da ake sayowa a zuba cikin haɗi, dan ya kwance shi, in naka na da shi za ka gani rubuce ga takarda, kuma sai ka rage garin ƙashi yadda sunka ce. In babu, to ka lissafa kashi ɗaya cikin uku kawai na fosfor ɗin hatsi, sauran ya fito daga garin ƙashi ko garin kifi ko fosfat bikalsik da ake saidawa wajen masu maganin dabbobi. Shi bikalsik fosfor ɗinshi wajen kashi 18, kilo 1 da rabi cikin 100 ya isa ya maye kilo 2 na ƙashi.

Garin ƙashi kana iya yinshi gida. Ka tara ƙasusuwa wajen mahauta, ka ƙona su har su yi fari ko toka toka, su riƙa karyewa ga hannu, baƙi bai ƙonu ba a maida shi wuta, sannan a daka. Ɗanyen ƙashi ko wanda anka shanya kawai kar ka ba kaji, hanyar cuta ce. Ƙonannen na da fosfor wajen kashi 12 zuwa 15, kalsiyom kuma ninki biyu na haka.

Amma ku ji wannan da kyau, dan ya fi rashin fosfor yawa cikin masu kiwonmu. Mutum ya ga ƙwai na fashewa sai ya ruga ya ƙara garin ƙashi, daga kilo 2 ya kai 5 ko 6, ai ƙashi ƙarfi ne. Fosfor in ya yi yawa cikin jini shina hana jiki sarrafa kalsiyom yadda ya kamata, ɓawon sai ya ƙara lalacewa, ga kuɗi sun tahi banza dan ƙashi ya fi dutse tsada. In ɓawo ne matsalar kokiyaj ake ƙarawa, ƙashi ya tsaya inda yake. Wata Hajiya maƙwabciyarmu mai kaji 60 bayan gida ta kira ni bara, na ishe garin ƙashi ne kaɗai take sawa babu kokiyaj ko ɗaya. Na ce Hajiya ku rage wanga ku kawo wancan, mako biyu ta aiko mani yaro da ƙwai goma in gani.

Sannan fosfat ɗin nan namu na Tawa da ake niƙawa ana zuba ma gona, taki ne, a bar ma gona. Ɗanyen dutsen fosfat na ɗauke da wani sinadari, fuliyor, mai yawa da ke lalata ƙashin dabba, wanda ake ba kaji sai an tace shi an cire.

Duk wannan kuma ba ya aiki in babu bitamin D3, ita ke buɗe ma kalsiyom hanya daga hanji zuwa jini. Kajin gida masu yawo rana na ba su, amma pondez da ke rufe ƙarƙashin tol sai daga piremis, ana so kilo guda na abinci ya samu 2500 zuwa 3000 na UI, awon ƙarfin bitamin da ake rubutawa ga leda. Piremis ɗin da ya kwana wata shida cikin shago mai zafi a buɗe ƙarfinshi ya ragu, ka duba kwanan wata kafin ka biya, ka sayi wanda za ka cinye cikin wata ɗaya ko biyu, ka ɗaure bakin ka ajiye ɗaki mai sanyi.

Ƴan matan kaji da ba su fara ba, su kar a yi masu gaggawa. Tun suna ƴan tsaki har mako 16 kalsiyom kashi 1 cikin 100 ya ishe su, in ka ba su abincin masu ƙwai tun suna wata biyu ko uku dan ka huta sayen buhu iri biyu, ƙodarsu ke lalacewa, za ka yanka ka ga wani farin abu kamar alli ya rufe ƙoda da zuciya. Amma kwana 10 zuwa 14 kafin ƙwan fari jikinsu na gina wani ƙashi na ajiya cikin ɓargon ƙafa, shi ne rumbun da za su riƙa ɗiba kowane dare. In ka ga tukku ya fara ja shina girma, wajen mako 16 ko 17, ka ɗaga zuwa kashi 2 ko 2 da rabi, da ka tsinci ƙwai na farko cikin garken ka maida su cikakken abincin masu ƙwai, kar ka jira wai sai rabi sun fara. Waɗanda sunka riga farawa su za su biya da ƙashinsu.

Zafi kuma na da wata ɓarna bayan rage ci. Kaza ba ta zufa, haki take, kuma hakin na fidda iskar da jiki ke haɗawa da kalsiyom ya yi ɓawo, sai ka ga ga kalsiyom cikin jini amma ɓawon ya fito sirara. Nan dabarar ruwa mai sanyi ce da inuwa. Bidon ko tanki kar ya zauna ga rana, ni randa nike sawa, in canza ruwa da azahar, bisa tol ɗin kuma a shimfiɗa zana ko karan dawa. Bikarbonat irin na kek shina taimakawa, garam 200 zuwa 300 cikin kilo 100 na abinci, amma sai ka rage gishiri kaɗan in ba haka ba kashi ya yi ruwa. Mai wuta ko fano na sola shina iya kunna ampul awa ɗaya zuwa biyu tsakar dare lokacin bazara, su tashi su ci su sha da sanyi, daidai lokacin da ake gina ɓawon.

Kaji in sun wuce mako 45 zuwa 50 ƙwai na ƙara girma amma ɓawon da kazar ke iya yi bai ƙaru ba, kamar ka ja fura guda ta ishi mutum biyu, dole ya yi sirara, hanjin ma ya rage tsotsa. Nan nike kai kokiyaj kilo 10, mafi yawa tsaki, in rage garin ƙashi zuwa kilo 1 da rabi. Kar a wuce haka da nisa, dutse in ya yi yawa ci na raguwa kuma ya danne fosfor.

Ba kowace fashewa ce ta abinci ba, wannan ma a sani. In dare ɗaya ƙwai ya faɗi, ɓawon ja ya koma fari, wani ya fito a murɗe ko da ƙurji ƙurji, farin ƙwan ya yi ruwa tsululu, kaji na tari ko minshari, to cuta ce irin su Niyukasal ko ta maƙogwaro, ba kokiyaj za ka nema ba, likitan dabbobi za ka kira yau yau, ka duba kuma ko allurar rigakafin ta wuce lokaci. Na abinci shi sannu yake zuwa, kajin na nan garau suna ci, ɓawon ne kawai ke raguwa kwana bayan kwana.

Duk ranar Juma'a da dare ina shiga akurki da tocila in kama kaji biyar ko shida daga wurare daban daban, in shafa ƙashin ƙirji da yatsa daga sama har ƙasa. Mai lafiya miƙe yake kuma da tauri. In na ji ya fara lanƙwasa kamar maciji ko bakin na dannuwa, na san bashin dare ya fi biyan rana, washegari sai in fiddo balas in sake awon abin da suke ci.